Bulon da Aka Hana wa Ruwa

Kwana tara da rasuwar Alasan, ko tabarmin masu gaisuwa ba a gama naɗewa ba, yayansa Maigandi ya tsaya a bakin ɗakin matar marigayin ya yi gyaran murya.

"Sabuwa, kina ciki? Kashe nika so ki miƙo mini."

Sabuwa tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, cikin tsohon zanen da za ta yi takaba da shi. Ta ji shi sarai. Kashe shi ne hatimin kamfaninta, ɗan abu na roba da bai cika tafin hannu ba, mai ɗauke da sunanta da lambarta. Haka kowa ke kiransa a Malanville, da bakin Faransanci. Duk takardar da ta shafi ginin da take yi, ta karɓar siminti ce ko ta rahoton aiki, in ba a buga mata shi ba, takardar ƙunshe ƙosai ce.

Kafin ta amsa, surukarta Inna Basira ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi a tsakar gida.

"Kai Maigandi, ku bar hwaɗin kalmarga cikin gidan mutuwa! Kashe, kashe. Wa za a kashe kuma? Wanda Allah ya ɗauka bai ishe ku ba?"

"Abin buga takarda na, Inna. Aje mata za ni yi. Mai takaba ba ta hulɗa da maza, shantiye ko duk maza na."

Ba duk maza ba ne a shantiye, wato wurin ginin, kuma ya sani. Shekara goma sha ɗaya Sabuwa tana riƙe da cokalin gini, a ƙarƙashin 'yan kwangilar da ke kiranta in aiki ya yi wuya, su manta da ita ranar buɗe gini. Sai bana wani shiri ya zo da ya ware ƙananan ayyukan gwamnati ga mata da waɗanda ba su da kowa a sama. Ta cika takardu, ta yi jeka-ka-dawo har takalminta ya cinye, aka ba ta aji uku na wata makaranta a wani ƙauye bayan Garou. Ban da mataimakiyarta Safi, mata shida ta ɗauka, waɗanda ta koya wa aikin da hannunta, da maza huɗu. Ta zuba harsashi, bango ya fara tashi, sai ciwon kwana huɗu ya ɗauke mata miji.

Da a wata rana ce da ta yi gardama. Amma kanta ya yi nauyi da kuka, ga kunyar yayan miji, ga idon uwar da ta rasa ɗa. Ta jawo jakarta ta zaro kashen ta miƙa ta ƙasan labule.

"Yaya, Safi ta san komi. Ita ka riƙe da aikin in ba ni nan. Ku bar ta ta yi yadda munka saba."

"Kwantad da hankalinki, ki yi ta addu'a," in ji shi. Ya jefa abin a aljihun gaba, inda yake sa goro.

Maigandi ɗan kasuwar albasa ne, kuma ba a raina shi a nan. Ya ɗaga buhu sau ɗaya zai gaya maka ko daga Garou ta fito ko daga ƙetaren kogi, ko ta bushe ko akwai sauran danshi a wuyanta. Amma gini, iyakar saninsa da shi ya shiga ɗaki ya kwanta.

Bayan kwana uku aka karɓe wayarta. Mai siminti ya kira, Muse Latifu mai duba aikin daga wajen shirin ya kira ya yi mata ta'aziyya, Inna Basira tana jin muryar maza na fitowa daga ɗakin. Da la'asar ta shigo ta miƙa hannu.

"Ɗana ko wata bai yi cikin ƙasa ba, kina ɗaka kina hira da ƙattai? Kawo nan. Ba don in cuce ki na ba, ɗiyata. Bakin mutane nika tsare miki."

Sabuwa ta ba ta. Ta zauna tana kallon hannayenta, da suka fara laushi don rashin aiki.

Labarin shantiye sai ya koma zuwa mata ta bakin Safi, wadda ke shigowa ranar Juma'a da sunan gaisuwa. Safi gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya raɗa ba ko ta so, don haka sai ta matso har gwiwarta na taɓa ta Sabuwa.

"Bulon da kinka bari ya ƙare, an buga sabo. Amma patoro, uwar ɗakina, mutumen nan ya hana mu ba shi ruwa."

Sabuwa ta zaci ba ta ji daidai ba. "Ya hana mi?"

"Ruwa. Ya iske mu da sahe muna zuba ma bulo ruwa, ya ɗaga murya awa mun zuba mai cikin buhun albasa. Wai wane mahaukaci ka shanya abu kuma shi bi shi da ruwa? Wai danshi ka ruɓad da kaya, shi shekara talatin shina wanga yaƙi. Ya sa anka jera su tsakar rana ɗaya ɗaya, ana juya su don su bushe da wuri."

Da ba don zaman makoki ba da Sabuwa ta yi dariya har da hawaye. Duk wanda ya taɓa yin yini ɗaya a wajen gini ya san bulon siminti da ruwa yake ƙarfi. Safe da yamma ake shayar da shi, mako guda ko fiye, balle a wannan bazarar da ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. In an bar shi ga rana ƙonewa yake yi. Ido zai gan shi fari tas kamar na kirki, cikinsa kuwa gari ne.

"Kun gaya mai?"

"Na gaya mai har bakina ya gaji. Ya ce mace ba ta koya mai shanya. Kuma buhun da muka buga bulo talatin da shi, yanzu hamsin aka hiddawa, wai mu muna ɓarna."

A daren ba a kawo maganar ba, don Maigandi bai dawo da wuri ba. Washegari da hantsi Sabuwa ta ji takunsa ta kira shi ta bayan labule. Ta yi masa bayani a hankali, da ladabi, yadda ake yi wa babba: siminti ba albasa ba ne, ruwa ne abincinsa. Ya saurara yana taunar goro.

"To, na ji. Amma ke kina ɗaka, ni ina waje. Wanda ka waje shi ka ganin rana. Kuma bari in hwaɗa miki, Sabuwa, wahala nika sha a kan aikinga. Na bar rumhwata ga yara, kullum ni ka hanyar Garou cikin zahi. Godiya ya kamata in ji, ba karatu ba."

"Na gode, Yaya. Ku dai ba shi ruwa."

"An ji."

Ba a ba shi ba. Juma'ar da ta biyo baya Safi ta zo da abin da ya fi wannan. Maigandi ya sauke matan daga kan bango, ya ce bai dace mace ta hau katako maza na ƙasa suna kallo ba, su koma ɗebo ruwa. Da yake kuma ya soke ba bulo ruwa, bayan kwana biyu ya ce ruwan da ake ɗebowa ya yi yawa, mace biyu sun isa. Huɗu ya sallama. A gurbinsu ya kawo masu yi masa lodin albasa a tasha, ƙarti masu ƙarfi kamar shanun noma, waɗanda ba su san bambancin igiyar awo da igiyar guga ba. Mufida, ɗaya daga cikin waɗanda aka kora, ta koma tallan ruwan sanyi a bakin gada, ita da ta iya fitar da kusurwar ɗaki ba tare da an gyara mata ba.

Wannan ya fi komai yi wa Sabuwa ciwo. Ita ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya tana roƙon iyaye da mazaje, tana rantsuwa cewa sana'a ce ta mutunci. Ta yi kuka ranar, kukan da ba na Alasan ba, kuma ta ji kunyar hakan.

Ta kai ƙara wurin Inna Basira. Tsohuwar tana kaɗa miya, ba ta ko waiwayo ba.

"Yayan mijinki na. In bai tsaya bisa kayan ƙanenai ba, wa za shi tsaya?"

"Inna, ba kayan marigayi na ba. Sunana ka bisa takarda."

"Sunanki! Wa ya bar ki kinka hita har kinka yi sunan? Ɗana ya sake miki da yawa, Allah shi ji ƙanai, haƙuri gare shi awa ƙasa. Yanzu ki zauna ki rama mai da wata huɗu da kwana goma. Gini ba shi gudu."

Ana gobe sadakar arba'in Maigandi ya turo takarda ta ƙasan labule, da biro a kanta. Sabuwa ta karanta Faransancin sau biyu. Takardar wakilci ce, mai cewa ita Sabuwa ta ɗora Maigandi a kan kamfaninta, ya sa hannu a madadinta, ya ɗauki wanda ya so ya kori wanda ya so, ba tare da an sa ranar ƙarewa ba. Har ya riga ya buga mata kashe, hannunta kawai ya rage.

"Ba ni sa hannu, Yaya."

Ya ji maganar kamar wani baƙon yare. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa jin ta ce masa a'a ba.

"Ke, bari in buɗe miki ido. Kina tsammani don kin hi kowa iyawa anka ba ki? An ce a ba mata, anka duba anka ga sunan mace, anka cika takarda. Ko'ina haka aka yi: sunan mace bisa allo, namiji bisa aiki. Sunanki na nan bisa allo da manyan baƙaƙe, ban goge ba. Mi kika so kuma?"

"Aikina nika so."

"Gidanga ka ci da ke."

"Na sani. Ba ni sa hannu."

Ta turo takardar waje da yatsa. Daga ranar aka hana Safi shiga gidan. An ce tana zuga mai takaba, tana kawo mata zancen duniya a lokacin da ya kamata ta fuskanci lahira.

Aka yi sadakar arba'in, aka ci, aka watse. Kwana uku bayan haka, ranar Talata, wata maƙwabciya ta shigo da kwano rufe da faifai, ta ce abincin gaisuwa ne daga gidan su Safi. Sabuwa ta ji nauyin kwanon bai yi kama da na tuwo ba. Da ta buɗe sai ga gutsuren bulo, da 'yar takarda a ƙarƙashinsa. Safi ta rubuta cewa bango ya kai saman tagogi, Muse Latifu zai zo ranar Alhamis ya duba kafin a zuba kankaren da ke ɗaure saman ginin. Maigandi ya lura bulon na zubar da gari, ya kira masu shafe, gobe Laraba za su lulluɓe bangon ciki da waje kafin mai dubawa ya iso.

Sabuwa ta ɗauki gutsuren ta matsa da yatsu uku. Ya ruguje mata a hannu kamar busasshen dawo, yashi ya zubo a kan zanenta.

Ta daɗe tana kallonsa. In Muse Latifu ya gano, za a karɓe kwangilar, a soke sunanta, kuma duk mai son cewa mata ba su iya ba ya samu abin nunawa har shekara goma. In kuma shafen ya rufe masa ido, wannan ya fi muni. Za a ɗora kankare da rufi a kan gari, a zuba yara sittin sittin a kowane aji, iskar farkon damina ta taso daga kogi. Kuma sunan da ke kan allo nata ne, hatimin da ke kan kowace takarda nata ne. Tsoro ya kama ta, sai fushi ya biyo baya ya kore shi. Ta ce wa maƙwabciyar ta gaya wa Safi ta zo da babur gobe bayan fitowar rana, ta tsaya a ƙofar gida.

Da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanen takabarta, ta zura dogon hijabi mai duhu, ta sa takalmin aikinta da ke ƙarƙashin gado. Ƙarar takalmin ce ta fito da Inna Basira daga madafa. Tsohuwar ta riga ta zuwa zaure ta tare ƙofa da jikinta.

"Ina za ki?"

"Shantiye, Inna. Kahin magariba ina ɗakina."

"La'ilaha illallahu! Takabar taki za ki zubar bisa titi?"

"Ba ni zubar da ita. Ban yi kwalliya ba, ban sa turare ba, ba ni kwana ko'ina sai ɗakin marigayi. Mai takaba na hita da rana in lalura ta kama, haka anka karanta muna, ku ma kun sani."

"Lalura! Siminti na lalura?"

Sabuwa ta shafa wa idonta toka. Abin da za ta faɗa bai kamata suruka ta ji shi daga bakin matar ɗa ba, amma ta faɗa.

"Inna, ku da bakinku kunka ba ni labari. Da Baba maigidanku ya rasu shinkahwarku ta nuna, tsuntsaye na ci. Kullum kina hwadama da wuƙar takaba a hannu, har kinka kai amfanin gida. Da shi kinka ci da su Yaya. Wa ya tare miki ƙohwa?"

Inna Basira ta kau da kai. "Gona daban. Gona ba maza."

"Gonata ke nan, Inna. Kuma ɗiyan mutane za su zauna ƙarƙashinta."

Suka tsaya suna kallon juna. Tsohuwar ba ta ce ta yarda ba, kuma ba ta yarda ɗin ba. Ta koma ciki fuu, Sabuwa ta zaci kururuwa za ta yi ta tara unguwa. Sai ga ta ta dawo da 'yar wuƙa mai kube, irin wadda al'ada ta ce mai takaba ta riƙe in za ta taka waje. Ta cusa mata a hannu da ƙarfi kamar mai mari.

"Ban sa miki albarka ba. Amma ba ki hita gidan ɗana hannu wohi, a ce ba mu san komi ba."

Safi na ƙofa, babur na ruri. Suka bi ta gefen kasuwa, masu kabu-kabu na kauce musu, wata mai waina ta saki cokali ta bi su da ido. Suka fita gari suka kama hanyar Garou, gonakin albasa dama da hagu an cire an tara. Can suka hango allon da ke ɗauke da sunanta.

Masu shafe sun riga sun kwaɓa, sun fara jifan bangon gabas. Maigandi yana zaune a kan buhunan siminti a inuwar darbejiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Da ya gane wadda ke saukowa daga babur sai ya miƙe har hularsa ta faɗi.

"Sabuwa! Kin haukace?"

Ba ta kula shi ba. Ma'aikata suka dare mata hanya, kowa na sunkuyar da kai, don ba wanda ya taɓa ganin mai takaba a wajen gini, ba su ma san yadda ake gaishe ta ba. Ta je jikin bangon yamma da ba a shafe ba, ta shafa shi da tafin hannu. Layi ya karkace, kusurwa ta buɗe baki, amma ba wannan ta zo gani ba. Ta zare wuƙar daga kube ta soka a tsakiyar bulo. Ta shige har ƙota. Ta murɗa, gari ya zubo. Ta matsa gaba ta soki wani, ta soki na sama da shi. Sannan ta sunkuya ƙasa, wajen layi uku na farko da aka yi da bulonta kafin rasuwar, ta soka da duk ƙarfinta. Bakin wuƙar ya yi ƙara ya lanƙwashe.

Daraktan makarantar, da ke koyar da yara a rumfar zana can gefe, ya riga ya iso, da wasu iyaye da suka taso daga gona. Wani dattijo ya karɓi gutsuren bulo ya murje shi, ya faɗi wata magana da Dandanci da ta sa matan wurin suka dafe ƙirji.

"Baƙin cikin mutuwa ya taɓa ta," in ji Maigandi yana zagaya mutane da ido. "Ku yi mata uzuri. Bulo ya bushe sarai, ni na tsaya a kai. In anka shahe shi ƙarhi za shi ƙara."

"Yaya, ba ni kashe."

"Gida za mu yi wagga magana."

"Nan za mu yi ta. Kun ce aje mini za ku yi. Ga ni na zo."

Ya dafe aljihu. Sabuwa ta juya ta karɓi wayar Safi, ta kira Muse Latifu, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Ta ce ita ce Sabuwa mai aji uku na bayan Garou. Ta ce bangon da ke tsaye bai yi ba, bulon ya ƙone, laifin yana kanta tunda ita ta saki hatiminta, kuma yau za ta rushe shi zuwa layi na uku ta sake. Ta ce duk takardar da aka buga wa hatiminta cikin kwana talatin da biyar ɗin nan ba da saninta ba ne, gobe in ya zo za ta nuna masa su ɗaya ɗaya. Mutumin ya ce ta san wa'adi ba zai ƙaru da yawa ba, kuma simintin da ya lalace ba mai mayar mata. Ta ce ta sani.

Jin an ambaci takardun da ya buga wa hatimin, Maigandi ya ga ba mafita. Ya zaro kashen ya wurgar a kan tarin yashi.

"Ga tsiyarki nan! Ni da na bar kasuwata don in rufa muku asiri."

Safi ta ɗauka ta hure yashin ta miƙa wa uwar ɗakinta. Sabuwa ta ƙulle shi a bakin zane. Ta sa aka janye yara nesa, ta nemi doguwar azara, ita da Safi da matan nan biyu da suka rage suka kafa ta a saman bangon yamma. Turawa biyu suka yi. Bangon da aka yi kusan wata ana ɗagawa ya tafi gaba ɗaya, ba ma da wata ƙara ta kirki ba, ƙura ta tashi ta rufe su. Ƙurar ta lafa. Iyayen yaran suna kallon tarin garin da saura kaɗan ya zama ajin 'ya'yansu.

Kafin azahar an aika a kira Mufida da sauran ukun. Masu lodin albasa Sabuwa ba ta kore su duka ba, ta ce mai son koyo ya tsaya ya fara daga kwaɓa, ƙarƙashin Safi. Biyu suka tsaya. Aka tankaɗe yashi, aka buga bulon farko talatin a buhu, aka jera su a inuwa aka rufe da tsofaffin buhuna.

Masu tsara irin wannan shiri a ofis suna ganin in sun buɗe wa mace ƙofar kwangila sun gama. Ba su san akwai wata ƙofar ba, ta zaure, wadda ba ta cikin takardunsu, kuma masu tsaronta ba baƙi ba ne. Da sunan kunya suke karɓa, da sunan addinin da ba su tsaya sun karanta ba, da sunan taimako, har su nemi a gode musu. Unguwar su Sabuwa ta yi mako tana zancen mai takabar da ta hau babur. Ba a ji wanda ya zauna ya yi zancen mutumin da ya so rufe gari da shafe ya zuba yara a ciki ba.

Rana na shirin faɗuwa Safi ta sauke ta a ƙofar gida, hijabinta ya yi fari da ƙura. Maigandi na zaune a zaure, ya riga ta dawowa tun da rana, ya cika ya yi fam. Inna Basira na daga ciki a tsaye, tana jin komai.

"Kin kunyata gidanga," in ji shi. "Takaba ba a korar mai ita, shi ɗai ya cece ki. Amma ranar da kinka hita, ki tattara komatsanki. Ba ki da ɗaki nan."

Sabuwa ta tsaya ta kwance igiyar takalminta a natse, ta cire ɗaya, ta cire ɗayan, ta riƙe su a hannu.

"Saura kwana tamanin da shida, Yaya, ni ma ina ƙirgawa. Gobe da sahe za ni, jibi ma za ni. Kahin ranar na ruhe aji ukku in Allah ya so." Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da ta shigo gidan da aure. "Zancen ɗaki kuwa, ku tsorata wadda ba ta iya ginawa ba."

Ta wuce shi ta shiga ciki ta ɗauki buta, ladan na kiran magariba.